Daga ramin dara zuwa Dungeons & Dragons: Yadda ake ɗaure wa boka hannu don kada wasa ya mutu

Idan aka gama girbin gero da wake, sanyin hunturu ya fara shigowa, hannun manomi kan samu sarari a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rumbu, wadda ake rubutawa Roumbou a takardun gwamnati, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. A irin wannan lokaci ne dara ke dawowa gindin bishiya, a nan da sauran ƙasar Hausa. Ba ta buƙatar ko dala. A share yashi, a tona ramuka 30, layi 5 kowanne da gida 6. Wannan ya karyo tsinken kara 12, wancan ya tsinto duwatsu 12, shi ke nan an shirya.

Dokarta a baki ba ta da wuya. Da farko ana dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya har gida 24 su cika, 6 su rage. Daga nan sai tafiya: taki ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, domin ba shi da abin jera uku.

Amma wanda ya zauna ya kalli gwanaye zai lura cewa abin da ke riƙe da wasan hani ne. Ba a jera uku lokacin dasawa. Jeri huɗu ba ya ci, a wasu wuraren ma haramun ne a yi shi. Ko tafiya ɗaya ta haɗa jeri biyu, ɗa guda ake cirewa. Ƙauye da ƙauye sukan saɓa a wasu ƙananan dokoki, amma duk inda aka je za a tarar an yi wa mai ƙarfi takunkumi.

Dalilin yana fitowa fili idan aka dubi tsarin da ake ce wa doki. Mutum ya ajiye 'ya'ya biyu a layi ɗaya, biyu a layin da ke maƙwabtaka, sannan na biyar ya riƙa kai-da-kawo tsakaninsu. Ya sauka ya cika uku, ya hau ya cika uku. Kowace tafiya ci ce. Wanda aka hau wa doki yana ji yana gani za a tsince shi ɗaya bayan ɗaya.

Ba a hana doki ba. Tsada aka sa masa. Yana cin 'ya'ya 5 daga cikin 12, a gaban idon abokin hamayya ake gina shi, kuma saboda dokar jeri huɗu mai doki ba ya iya toshe gidan da ke gefen jerinsa da ɗansa, dole ya bar ƙofa. Sai dai wanda aka gina a kusurwa, shi kam mai shi na iya rufe ƙofarsa, maganinsa a tare wurin tun wajen dasawa ko a yi sauri a ci ɗaya daga cikin ƙafafunsa.

Wannan lissafi da 'yan dara suka daɗe da gamawa, shi ne ya hana wani babban wasa na Amurka barci shekara 50, kuma shi ne zai tari duk matashin Kano ko Maraɗi ko Landan da ya ce zai ƙirƙiro irinsa da Hausa.

Tatsuniyar da kowa ke da baki a ciki

A watan Janairun 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, ta hannun wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Ƙananan littattafai uku ne a kwali, kwafi 1,000, dala 10 kowanne. Yau kamfanin Wizards of the Coast ne ke da shi, wanda ya sayi TSR a 1997, shi ma Hasbro ya saye shi a 1999. Matasan namu da dama ta allo suka san shi: shirin Stranger Things na Netflix da ya fara a 2016, ko wasan kwamfuta Baldur's Gate 3 na 2023 da aka gina a kan dokokinsa.

Yadda ake yinsa ya fi kama da tatsuniya fiye da karta. Mutum huɗu ko biyar su zauna. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi ke faɗin gari da daji da dodanni. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi: wani barde, wani ɓarawo, wani boka. Mai jan labari ya ce ga kogo, ga ƙofa a kulle, me za ku yi? Kowa ya faɗi nasa. Idan abin na iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, lambar da ta fito ta raba gardama.

Wanda ya saba da littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, ko ya karanta Ganɗoki a makaranta, duniyar ba baƙuwarsa ba ce. Bambancin shi ne marubuci yana da ikon ya sa boka ya yi shiru har sai labari ya buƙace shi. A wasa kuwa boka mutum ne mai rai, yana zaune kusa da kai, kuma yana son ya ci.

A nan gizo ke saƙar. Barde takobi gare shi, iyakarsa sara. Boka kuwa yana iya tashi sama, ya ɓace, ya buɗe ƙofa ba mabuɗi, ya sa rundunar abokan gaba barci. Idan aka sake shi, ɓarawo bai da amfani, barde ya koma ɗan rakiya. Mutum uku za su kwashe awa huɗu suna kallon mutum ɗaya yana wasa. Mako mai zuwa ba za su zo ba.

Boka mai laƙani ɗaya

Maganin farko daga littafin labari aka aro shi. Marubuci Jack Vance, a littafinsa The Dying Earth na 1950, ya ƙago bokayen da ke cusa laƙani a ka da ƙyar, kaɗan kai ke ɗauka, kuma da zarar an furta shi ya goge. Gygax ya ɗauki wannan. Boka ya tashi da safe ya haddace abin da yake ganin zai buƙata, idan ya yi amfani da shi sai kuma gobe.

A dokokin ƙarshen shekarun 1970, sabon boka laƙani ɗaya tak yake da shi a yini. Ba ya sa sulke. Makaminsa wuƙa ko sanda. Makin ransa tsakanin 1 da 4 ne, wato sara ɗaya na iya gamawa da shi. Idan aka buge shi yana tsakiyar karanto laƙani, laƙanin ya tafi a banza. Kafin ya hau mataki na biyu sai ya tara maki 2,500, alhali barde 2,000 suka ishe shi. Wasu laƙanan ma da jiki ake biya: wanda ke ƙara wa mutum sauri yana tsofar da shi shekara guda.

Ciniki ne a fili: ka sha wuya da farko, idan ka rayu ka zama gagara-badau. Matsalar ita ce bai gyara komai ba, ya dai raba rashin adalcin gida biyu. Watannin farko boka na ɓuya a bayan barde, watannin ƙarshe barde na riƙe wa boka jaka.

Da bugu na uku ya fito a 2000, aka sassauta. Kowa ya koma hawa mataki da maki iri ɗaya, katse boka ya yi wuya, laƙanai suka yawaita. Sai ƙarfin barde ya riƙa ƙaruwa taki-taki, na boka yana ninkawa. A 2008 bugu na huɗu ya zo da gatari: kowa, da barde da boka, aka ba shi tsari ɗaya, abin da zai yi kullum, abin da zai yi sau ɗaya a faɗa, da abin da zai yi sau ɗaya a yini. Lissafi ya daidaita ƙwarai. Amma 'yan wasa da yawa suka ce an kashe gishirin, sihiri ya zama sara da wani suna. Kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder a 2009 a kan tsohuwar doka, ya kwashi jama'a, har ya yi wasu shekaru yana gaban Dungeons & Dragons a shagunan wasanni na Amurka. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Ranar aiki ta minti biyar

Bugu na biyar, na 2014, wanda aka yi wa kwaskwarima a 2024, shi ne akasarin mutane ke bugawa yanzu. Ya ba boka gurabe. A mataki na 1 gurbi 2, a mataki na 20 gurbi 22, amma na laƙani mafi girma guda ɗaya ne kawai. Ya ba shi ƙananan laƙanai da ba sa ƙarewa, don kada ya zauna hannu rabbana. Ya kuma kawo dokar da ta fi kowacce amfani, ta tattara hankali: manyan laƙanai masu ɗorewa ɗaya ake riƙewa a lokaci guda, kuma idan aka ji wa boka ciwo yana iya suɓuce masa. Wasu kuma da dukiya ake biya. Tayar da wanda ya mutu yanzu-yanzu na cin lu'ulu'un zinare 300, mafi girman irinsa na cin 25,000. Laƙanin buri, wanda ake samu a mataki na 17, idan aka wuce gona da iri da shi akwai yiwuwar kashi 33 cikin 100 ba za a sake iya yinsa ba har abada.

A takarda tsari ne mai kyau. Sai dai duk ya rataya ne a kan zato ɗaya: littafin mai jan labari na 2014 ya ɗauka cewa 'yan wasa za su iya yin faɗa 6 zuwa 8 kafin su yi dogon hutu na awa 8, wanda ke maido da gurabe duka. Wa ke da wannan lokaci? Ɗalibai da ma'aikata da ke haɗuwa awa uku ranar Asabar, ko 'yan ci-rani da ke haɗuwa ta Discord bayan an tashi aiki, faɗa ɗaya ko biyu suke samu. Boka ya san haka. Yana shiga sai ya juye buhunsa gaba ɗaya. A mataki na 5 dunƙulen wutarsa ɗan lido 8 ne masu fuska 6, matsakaici maki 28 a kan duk wanda ke cikin da'irar da ta kai kusan mita 6 daga tsakiya, barde kuwa sara biyu yake da shi. Ana gamawa sai boka ya ce a kwanta. 'Yan wasa har suna suka sa wa abin, ranar aiki ta minti biyar.

Masu jan labari suna da dabaru. Wasu su sa agogo a labarin: an sace yarinya, ayarin zai ƙetare kogi kafin asuba, babu zancen barci. Wasu su ɗauki wata doka ta zaɓi da ke cikin littafin, wadda ta mayar da dogon hutu kwana 7. Duka suna aiki, amma duka faci ne. Ƙidayar gurbi tana iyakance sau nawa boka zai yi abu, ba ta taɓa tambayar me abin ya ci masa. Harsashi ne a bindiga, idan ya ƙare a sake ɗurawa.

Wasu wasannin sun bi ta wata hanya, kuma a ganina sun fi kusa da gaskiyar lamarin. A Call of Cthulhu na 1981, sihiri hankalin mai yinsa yake ci, sannu a hankali har ya zare. A Shadowrun na 1989, ƙarfin jiki yake zuƙewa, boka na iya sumewa da laƙaninsa. Ars Magica na 1987 ya ce shi bai ga amfanin ɓoye-ɓoye ba: boka ya fi kowa, don haka kowa ya mallaki boka ɗaya da kuma wani mutum na daban, a riƙa karɓa-karɓa.

Wanda zai fi taɓa zuciyar mutumin Dakoro shi ne Dark Sun na 1991. A duniyarsa, sihiri daga tsirrai yake jan ƙarfi. Boka mai haƙuri ya ɗiba kaɗan ya bar ciyawa da rai. Mai gaggawa ya zuƙe duka, ƙasar da yake tsaye ta koma toka, ta yi shekaru ba ta fid da komai. Haka aka yi ta yi har duniyar ta zama hamada. Wanda ya taso a bakin kwarin Tarka, inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, kuma ya ji labarin farin 1973 da na 1984 daga bakin iyayensa, ba sai an yi masa dogon bayanin wannan doka ba. Kuma a tebur tana aiki fiye da ƙidaya, domin sauran 'yan wasa suna da dalilin riƙe hannun boka: rijiyar da za su sha gobe ce a kan layi.

Kowane asiri da makarinsa

Yanzu a ce matasa biyar sun zauna za su gina irin wannan wasa a ƙasar Hausa ta da, da birane masu ganuwa da fatake da mahalba da 'yan bori. Abu mafi sauƙi shi ne su kwafo jadawalin gurabe su canja sunaye. Da sun yi asara, domin labaranmu sun zo da nasu tsarin, kuma ya fi wancan.

Dubi sunayen kawai. Baduhu da layar zana na ɓacewa ne. Sagau na sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami. Kau-da-bara na karkatar da harbi. Tauri na hana ƙarfe shiga. Kowanne aiki ɗaya yake yi, ba ya shiga gonar wani. A yadda masu abin ke faɗi, tauri maganin ƙarfe ne, bai ce komai ba game da kulki. Ga iyaka tun daga suna.

Sannan babu asirin da ake bayarwa ba sharaɗi. Kada ka ci kaza, kada ka ƙetare kaza, kada ka waiwaya, kada ka faɗa wa kowa. Ranar da aka karya, ranar ya warware. A bori ma kowane iska da abin da yake so, da launin dabbarsa, da kiɗan da ke kiransa, ba ya zuwa don an matsa maɓalli.

Na ukun shi ne makari, kuma shi ne ƙashin bayan manyan labaran Afirka ta Yamma. A labarin kafuwar daular Mali, Sumanguru Kante sarkin Soso ƙarfe ba ya kama shi. Sai da 'yar'uwar Sunjata, Nana Triban, ta zauna a gidansa ta gano sirrin, ƙaftar farin zakara a bakin kibiya, sannan aka karya shi a yaƙin Kirina wajen 1235. A lura da wanda ya ci yaƙin nan. Mai leƙen asiri ta samo labari, maharbi ya saki kibiya, mayaƙa suka riƙe fili. Idan aka mayar da shi doka, kowa a tebur ya samu aiki: mai wayo ya bincika, mai baki ya yaudara, barde ya tsare ƙofa. Ƙarfin boka ya zama matsalar da ake warwarewa tare.

Za a iya rubuta shi a rabin shafi. Duk laƙanin da ɗan wasa ya ɗauka, ya rubuta abu uku a gefensa: abin da yake yi, sharaɗin da ke riƙe da shi, da abin da ke karya shi. Girman laƙani, nauyin sharaɗi. Mai jan labari ya san makarin, abokan gaba kuma za su iya gano shi idan boka ya cika nuna kansa a kasuwa. Doki ke nan: yana ci, amma a fili ake gina shi kuma yana da ƙofa.

Tsarin na da nasa rauni, kada a ɓoye. Ƙidaya ba ta son kai, gurbi 2 gurbi 2 ne ko wa ke jan labari. Sharaɗi kuwa hukunci yake buƙata, kuma mai jan labarin da ya ƙullaci ɗan wasa zai iya sa farin zakara ya riƙa fitowa a kowace kwana. Inda babu amana tsakanin abokai, gara a koma jadawali.

Ko a filin da jama'a suka yarda da asiri da gaske, sai da aka yi masa linzami. Kokawar takobin ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, ba a raba ta da layu da guraye. A Senegal, inda kokawa ta zama babbar sana'a, hukumar wasan ta ƙayyade lokacin da ɗan kokawa zai ɓata wajen shirye-shiryen asirinsa, wanda ya zarce a yanke masa tara daga kuɗinsa. Hukumar ba ta shiga gardamar ko abin na ci ko ba ya ci ba. 'Yan kallo sun biya kuɗi, kokawa suka zo gani.

Abin da malam zai ce

Akwai tambayar da duk mai wannan niyya zai fuskanta tun kafin ya buga shafi ɗaya, watakila daga bakin mahaifiyarsa. Sihiri haramun ne a Musulunci, babu saɓani. Kuma a nan ba tatsuniya ce zalla ba: jaridu sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu wajen gwajin maganin bindiga, da waɗanda bokaye suka wanke. Bature na iya wasa da boka don bai taɓa ganin layi a ƙofar gidansa ba. Mu mun gani.

Amurka ma ta yi nata rikicin. A 1983 wata uwa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan bayan mutuwar ɗanta, coci-coci suka mara mata baya. Da TSR ya fitar da sabon bugu a 1989, sai ya cire kalmomin shaiɗanu daga littafin ya sa musu wasu sunaye. Wanda zai yi na Hausa ba zai tsira da canja suna kawai ba. Abin da zai taimake shi shi ne abin da marubutan littattafan yaƙi suka daɗe da ganewa: boka a labarin Hausa yana da ƙarfi, amma ƙarfin aro ne, da bashi a kansa, kuma mai bashi na zuwa. Wasan da ya sa wannan cikin dokarsa ya fi sauƙin karewa a gaban iyaye fiye da wanda ke raba laƙani kyauta kowace safiya. Wasu za su zaɓi su bar sihiri a hannun abokan gaba kawai, 'yan wasa su zama mahalba da fatake da 'yan leƙen asiri. Ita ma hanya ce, kuma ta kashe gardamar daidaito gaba ɗaya.

Fili dai a buɗe yake. An yi wasannin da suka jingina da Afirka, kamar Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na 2013, amma a Amurka aka rubuta su, da Turanci. The Wagadu Chronicles, wanda Allan Cudicio mai tushe a Gana ya jagoranta, daga Berlin ya fito. A gida kuwa, kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu da ke Abuja yana ƙera wasannin tebur, yana shirya taron masu wasannin na Afirka tun 2016, kuma a 2021 ya karɓi kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fanni. Kayan aikin da ake buƙata don gwaji ba su wuce takarda da fensir da ɗan lido ba, kuma ainihin dokokin bugu na biyar kamfanin ya sake su a 2023 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa na iya ɗauka ya fassara ya gina nasa a kai ba tare da ya biya ko sisi ba.